Gishirin Ruwan Malle

Awaki ne suka fara tona asirin. Tun da rani ya nutsa, awakin unguwa suka yi watsi da ɓawon rogon da ake zubar musu, suka tare a bakin Ruwan Malle suna lasar ƙasa kamar an barbaɗa musu dusa. Malam Abdulsalami ya kore su, suka dawo. Ya jefe su da hoge, suka zagayo ta bayansa. Da ya gaji sai ya tsuguna ya dubi abin da suke lasa. Wani farin zobe ne ya kewaye kududdufin kaf, daidai inda ruwa ya janye ya bari. Ya dangwala da yatsa ya kai baki. Gishiri ne, da wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe.

Ya miƙe a hankali ya dubi ruwan. Can wajen tsakiya karfasa ne suka juya ciki sama, iska tana tura su gefe. Badon da kan rufe rabin ruwan ya ƙone ya yi baƙi. Sai a lokacin ya lura da abin da kunnensa ya daɗe yana gaya masa bai saurara ba: kwaɗi sun yi shiru. Ruwan Malle fa, da ba a iya hira a bakinsa bayan magariba saboda kukan kwaɗi!

"An yi mini aiki," in ji shi, shi kaɗai. Bai ambaci sunan kowa ba, amma wuyansa ya riga ya juya wajen lambun Barnabas.

Ruwan Malle ba wani tafki ba ne da za a yi wa kirari. Rami ne da Malle, kakan Abdulsalami, ya haƙa da mutanen zamaninsa suna ɗibar ƙasar gini a gefen Birnin Kudu, har gari ya yi girma ya zo ya kewaye shi. Lambatun unguwa yana zubo masa ta sama. A da, in damina ta cika shi, yakan tumbatsa ta wata 'yar ƙorama a ƙasa, ta ratsa gefen lambun Barnabas ta nufi kogi. Kifin ciki kuwa na gidan Malle ne, kowa ya san haka. Da shi aka yi wa Abdulsalami aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Ba shi da gona, ba shi da shago. In ruwan nan ya mutu, shi ma kashinsa ya bushe.

Barnabas, wanda unguwa ke kira Baban Prisca, mutumin kudancin Bauchi ne da tuƙin mota ya kawo garin tun yana saurayi. Da ya ajiye aiki ya sayi filin da ke ƙasan ruwan ya kafa lambu. Sun yi zaman mutunci da Abdulsalami shekara da shekaru: da salla a kai musu tuwo da nama, da Kirsimeti su kawo shinkafa da kaza, kazar ma Abdulsalami ake kira ya yanka.

Raga ce ta raba su. Wata damina Abdulsalami ya biyo ƙoramar ya tarar an gitta tsohuwar ragar sauro a bakinta, an ɗaure da turaku. Barnabas ya ce ledoji yake tarewa kada su rufe masa fangali. A cikin makon kuma Abdulsalami ya wuce ta ƙofar gidansu ya ji ƙamshin suyar karfasa. Sarah, matar Barnabas, ta ce a kasuwar Gwaram ta sayo. To, ka ji fa! Kifin Gwaram ne bai tashi yin ƙamshi ba sai makon da aka kafa raga? Abdulsalami bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne, mai ƙullawa ne a ciki. Da kaka ta yi ya sa aka kawo masa duwatsu daga Farin Dutse, ya sayi siminti, ya toshe bakin ƙoramar da katanga mai kauri, tsayinta har ƙirjin mutum. Tun daga ranar ko cikin cokali na Ruwan Malle bai sake fita ba. Ramin yana da zurfi. Yakan haɗiye ruwan damina ya bazu ta baya, rani ya zo rana ta ƙafar da shi. Shinkafar Kirsimeti ta daina zuwa. Barnabas ya haƙa rijiyarsa, ya dasa gwaiba a cikin busasshiyar ƙoramar, don ƙasar wurin ta fi ko'ina kyau.

A gida Abdulsalami ya tarar da matarsa Kubra tana tsince wake, ya zayyana mata abin da ya gani.

"Ai na daɗe da gaya maka sabulu ya daina kumfa a ruwan nan," in ji ta.

"Maganar sabulu nake miki? Na ce miki an zuba wa ruwa gishiri."

"Haba Malam. Wa zai sayi gishirin da zai ishi kududdufi, a wannan tsadar?"

"Wanda ya yi niyyar ganin bayana, tsada ce za ta hana shi?" Ya ƙura mata ido. "Har yanzu kina gaisawa da matar can, ko?"

"In mun haɗu a wajen niƙa. Ko gaisuwar ma ka sa mata siminti ne ban sani ba?"

Abdulsalami ya sa wannan ma a ma'ajiyarsa, kusa da raga da ƙamshin karfasa.

Daga nan ya shiga gadi. Kullum in an idar da sallar asuba sai ya wuce bakin ruwa ya laɓe bayan tsamiya, dattijo da furfurarsa, sauro na cin ƙafarsa. Safiya ta bi safiya bai kama kowa ba sai awaki. Kifi kuwa kullum sai ya tsamo matattu ya binne, tarwaɗa ma da ake ganin ba ta jin komai ta fara hawowa sama tana haki. Ran nan, gari ya fara haske ke nan, sai ga Barnabas ya fito daga cikin lambu yana waige-waige, da kwalba a hannu ɗaya, da tsohon cokali a ɗaya. Ya tsuguna a gindin katangar ta ɓangarensa, kansa ya ɓace.

Gaban Abdulsalami ya buga, ba don tsoro ba, don daɗi. Ya lallaɓo ya leƙa ta saman katanga.

"Baban Prisca, an tashi lafiya?"

Barnabas ya zabura har cokalin ya faɗi. Ya ɗago ya dube shi, bai miƙe ba.

"Lafiya lau, Malam Abdulsalami. Ashe kana kusa."

"Kullum ina kusa. Mene ne a kwalbar?"

"Abin da nake so in tambaye ka ke nan." Ya ɗaga kwalbar. Ruwa ne gurɓatacce, rabinta. "Nason da ke fitowa ta ƙarƙashin katangarka nake tara. Ɗanɗana ka ji. Dubi fangalin alayyafona na farko, dubi na biyu. Sun ƙone kamar an zuba musu ruwan zafi. Ka hana ni ruwa ban ce komai ba. Yanzu kuma me kake zubawa a ciki? In filin kake so in bari, gaya mini da baki, ba sai ka kashe mini shuka ba."

Kai, wannan magana ta ƙona wa Abdulsalami rai. Shi da aka cuta, shi ake tuhuma! Ya dubi fangalin, lalle sun ƙone, da farin gari a kan kunyoyin. Amma nan da nan zuciyarsa ta ba shi amsa: mutumin da zai kashe kududdufi guda, zai ji ciwon ƙona fangali biyu don ya ɓatar da sawu?

"Za mu haɗu a ƙofar Mai Unguwa," in ji shi.

"Mu haɗu," in ji Barnabas. Ya san abin da ake nufi a ce baƙo ya zuba wa ruwan unguwa wani abu, ko da baƙon ya fi rabin 'yan unguwar daɗewa a cikinta.

Kafin ya kai ƙara, Abdulsalami ya ga ya kamata ya riƙe shaida. Mutum ɗaya ne ke sayen gishiri buhu-buhu a unguwar, shi ne Zulkifli mai fata, wanda rumfarsa ke can sama a bakin lambatu. Ya same shi da tsintsiya a hannu, an ɗaga fatun da aka cuɗa da gishiri, yana share jiƙaƙƙen gishirin da ya rage a daɓe.

"Zulkifli, tsakaninka da Allah, Baban Prisca ya taɓa sayen gishiri a wurinka?"

"Gishirin fata? Ya yi me da shi, Baba?"

"Amsa za ka ba ni."

"Wallahi bai taɓa ba. Wanda ke son wannan ai ba sai ya saya ba, ga shi nan muna zubarwa." Ya tura tarin da tsintsiya, ya bi shi da bokitin ruwa, duk ya gangara cikin lambatu.

Abdulsalami ya bi ruwan da ido. "Kai! A nan kake zubawa?"

"A nan babana ya zuba, Baba, a nan kakana ya zuba, da babanka yana raye yana kama kifinsa. Ga masu wanki can, ga masu wanke mota, kowa a nan yake zubawa. Bai taɓa kashe ko ɗan kwaɗo ba. Damina ke zuwa ta kwashe ta yi kogi da shi."

Maganar ta taɓa wani wuri a cikin Abdulsalami, ya yi maza ya kau da kai. Ya tuna Zulkifli yakan sayi latas a lambun Barnabas. Ashe haka ne, sun haɗa baki. Ya juya ko sallama bai yi ba.

Saura abu ɗaya da yake dogara da shi: gaiwa. Karfasa raguwa ce, tarwaɗa ma tana da iyaka, amma gaiwa in ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta naɗe kanta, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta yi barcinta har damina. Muddin gaiwa na ƙasa, Ruwan Malle bai mutu ba. Ya ɗauki fartanya ya bi busasshiyar gaɓa yana duban ƙasa yadda mahaifinsa ya koya masa, har ya ga 'yar hudar. Ya haƙa a hankali ta gefe, ya ɗago curin laka, ya fasa da hannu. Gaiwar tana ciki a naɗe, kai kusa da wutsiya, yadda ta kwanta. Ta bushe ƙamas, gishiri ya yi mata fari a baya. Ya haƙa wata, haka. Ya sake haƙa wata.

Ya zauna a ƙasa dirshan, fartanya a gefe. Tun rasuwar mahaifinsa bai ji abin da ya ji a ranar ba. Baƙin ciki ne tsantsa, irin wanda ko sunan Barnabas bai zo masa a ciki ba.

Da ya koma gida bai iya cin tuwo ba, ya ce a ba shi shayi. Kubra ta kawo, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Wannan kuma wane irin shayi ne? Me kika sa?"

"Abin da na saba sawa."

Ya tashi da kansa ya je murhu, don a kwanakin nan bai yarda da bakin kowa ba. Ya buɗe butar ya karkata ta wajen haske. A cikinta, daidai inda ruwa kan tsaya, wani farin zobe ne ya kewaye ta kaf. Ya kankara da farce, ya kai baki.

"Ruwan burtsatse ne," in ji Kubra daga bayansa. "Kwana biyun nan ban zubar na ɗauraye ba, ƙari kawai nake yi in ya ƙone. Kowane ruwa da ɗan abinsa a ciki, Malam. In ana ƙarawa ba a zubarwa, wuta ta sha ruwan, abin ya zauna."

Ya daɗe a tsaye da butar a hannu. Ya ji muryar Zulkifli tana cewa damina ke kwashewa ta yi kogi da shi. Ya ga duwatsun Farin Dutse, ya ga hannunsa yana shafa musu siminti, yana toshe kowace kafa don kada ko ɗan kifi ya sulale. Sai ya waiwaya ya dubi matarsa. Shekarunsu tare bai taɓa ganin ta bar buta ba wanki ba.

"Da gangan kika yi," in ji shi.

"Ni? Mantuwa ce irin ta tsufa." Ta karɓi butar ta nufi bakin rariya, ba ta bari ya ga fuskarta ba.

Bai je ƙofar Mai Unguwa ba. Bai kuma je ko'ina ba, ya zauna yana juya abin, don sanin ciwo daban, shan magani daban. Maganin ɗaya ne: a fasa katanga, ruwan sama na farko ya tura gishirin ya fita. Amma ta ina zai fita? Ta tsohuwar ƙorama, inda gwaibar Barnabas ta yi layi, ta kai tsayin mutum, bana ta fara fure. Sai da ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya, gabas kuma ta fara haɗa baƙi da la'asar, sannan ya saɓa diga a kafaɗa ya zagaya ta ƙofar lambu, hanyar da ƙafarsa ta manta.

Barnabas na ganin sa da diga ya ce wa Sarah ta shiga ciki. Ya tsaya a tsakiyar hanya, hannunsa a kan ƙotar shebur.

"Ba faɗa ya kawo ni ba, Baban Prisca."

"To me ya kawo ka da diga?"

Abdulsalami ya sauke ta ƙasa. Maganar ta yi masa nauyi a baki kamar dutse, amma ya fitar da ita: lambatu, gishirin fata, rana, katanga. Bai ambaci buta ba. Ya ƙare da cewa, "Ba wanda ya zuba komai. Ƙofar fita na rufe. In ban buɗe ba kafin ruwan nan ya sauko, bana ko kwaɗo ba zai rage ba. In na buɗe kuma, ta kan gwaibarka zai bi."

Barnabas ya juya ya dubi itatuwan, ya daɗe yana dubansu. Shi ya yi musu ban ruwa da bokiti tun suna tsawon tafin hannu.

"Wato da ka rufe, ni na rasa ruwa. Yanzu za ka buɗe, ni zan rasa gwaiba."

"Haka ne."

"Ka kuma kusa kai ni gaban Mai Unguwa a kan na sa wa ruwan mutane guba."

"Haka ne." Abdulsalami ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi har wuya.

"Ba don kai zan yarda ba, ka ji da kyau," in ji Barnabas. "Nason nan yana cin lambuna fangali bayan fangali. Gara ya wuce sau ɗaya da ya zauna yana ci na a hankali. Amma da sharaɗi. A kira Zulkifli ya tsaya ya gani. Kai za ka yi saran farko da hannunka, kai za ka yi na ƙarshe. Kada gobe a wayi gari a ce Barnabas ne ya fasa katangar gidan Malle ya saki kifi."

Abdulsalami ya so ya ji haushi, sai ya ga ba shi da bakin ji. A makarantarsa ta zargi mutumin ya yi karatu.

Aka kira Zulkifli, ya zo yana goge hannu a riga. Abdulsalami ya ɗaga diga. Katangar ta yi gardama, don ba ƙaramin siminti ya zuba mata ba. Kowane sara sai ya ji shi har cikin haƙoransa, kuma ba wanda ya karɓe shi. Yana cikin yi iska ta taso, aka fara yayyafi, kafin ya cire dutsen ƙasa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Lambatun unguwa ya cika ya yi ta aman abin da ya tara duk rani. Ruwan Malle ya kumbura, ya matso, ya sami ƙofar.

Sai ga Barnabas ya fito daga rumfar lambu da wani abu a naɗe a hammata. Ragar sauron nan ce, ta yi baƙi don ajiya. Ya dubi Abdulsalami ido cikin ido.

"Leda za ta zo da yawa. In kafa, ko a bari?"

"Kafa," in ji Abdulsalami. Ya kama masa turke ɗaya ma.

Ruwan ya fito baƙi, mai wari, ya bi tsohuwar hanyarsa kamar bai taɓa barin ta ba, ya shiga tsakanin gwaibar ya rufe musu gindi. Sarah ta tsaya a bakin rumfa da hannu a ka. Su kuwa suka tsaya cikin ruwan sama, kowa a ɓangarensa na ƙorama, har hadarin ya wuce.

Da ruwan ya lafa ragar ta yi ciki, ta yi nauyi. Barnabas ya jawo ta gaɓa ya zazzage a ƙasa, ya ja da baya ya harɗe hannu.

"Bismilla, duba. Na san sai ka duba."

Abdulsalami ya tsuguna. Ledar ruwa, ledar burodi, silifa ƙafa ɗaya, robar lemo, wani tsumma. Ya yi ta juya su da hannu, yana ɗaga kowace leda yana girgizawa, yana leƙa cikin kowace roba. Zulkifli ya gaji ya tafi. Barnabas ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga fuskar dattijon, ya fasa.

Shekarun nan duka abin da Abdulsalami ke tsoro ke nan, ya tarar da kifinsa a ragar Barnabas. Yanzu ga shi durƙushe cikin laka, leɓensa na motsi, yana roƙon Allah ya sa ya ga ko guda ɗaya, ko ɗan mitsitsi, yana wutsil-wutsil.

Ya kai ƙarshen tarin, ya sake komawa farko.